Wasiƙa daga Ingila: Dutsen ƙauyen Mells da sunayen mazan jiyanmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina so in ba ku labarin wani ƙauye mai suna Mells, a gundumar Somerset da ke kudu maso yammacin Ingila, inda na kai ziyara a ƙarshen watan Nuwamba. A wata mahaɗar hanya cikin ƙauyen akwai ginshiƙin dutse, an ɗora masa mutum-mutumin waliyyin Kiristoci Jorj yana soke dodo, sannan katanga ta lanƙwasa ta hagu da dama, ɗauke da allunan dutse da aka sassaƙa sunayen 'yan garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka ƙara na yaƙi na biyu. Na tarar da furannin takarda jajaye da aka ajiye ranar tunawa, ruwan sama ya riga ya fara kodar da su.

Dalilin da ya sa kusan kowane ƙauye a ƙasar nan yake da irin wannan dutse shi ne, tun daga 1915 hukumomin Birtaniya suka hana a maido gawar soja gida, wanda ya faɗi a Faransa ko Beljiyam a can ake binne shi, ɗan talaka ne ko ɗan mai mulki. Iyaye suka rasa kabarin da za su ziyarta, sai suka yi karo-karo suka kafa wurin da za a riƙa ganin sunan. Na Mells an buɗe shi ranar 26 ga Yuni, 1921, kuma wanda ya zana shi shi ne Edwin Lutyens, mai zanen gine-ginen da ya yi babban ginin tunawa na tsakiyar Landan. Cikin sunayen akwai Raymond Asquith, wanda aka kashe a fagen yaƙin Somme da ke Faransa a Satumban 1916 lokacin mahaifinsa yana firaministan Birtaniya, akwai kuma surukin Raymond ɗin, Edward Horner, magajin babban gidan garin, wanda ya mutu a 1917. Sauran kuwa 'ya'yan gidaje ne da babu wanda ya san su a wajen ƙauyen, amma dutse ɗaya ya tara su.

Ta fuskar doka, tun 1923 majalisar dokoki ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗin jama'a wajen gyara irin waɗannan wurare, domin yawancinsu kwamitocin da suka gina su sun watse ba tare da an ce ga mai su ba. Akwai kuma rajistar gine-ginen tarihi wadda hukumar Historic England ke riƙe da ita, mai matakai uku, kuma dutsen Mells yana mataki na tsakiya, wanda kaɗan ne ke samunsa. Da zarar gini ya shiga rajistar, babu mai rushe shi, ko ya matsar da shi, ko ya sauya masa kama, sai da izinin hukumar tsara gari a rubuce, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ke kai mutum kotu. Lokacin cika shekara 100 da yaƙin, tsakanin 2014 da 2018, an sa wa gaba a shigar da duwatsun tunawa 2,500, a 2015 kuma aka haɗa gine-ginen tunawa 44 da Lutyens ya zana a Ingila aka ɗauke su a matsayin tarin kayan tarihi guda. Su ma nan suna da nasu ɓarayin ƙarfe masu ɓamɓare allunan tagulla su kai wa masu sayen jari-bola, saboda haka kada a ɗauka wuri ne da babu ɓarna.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba takardar doka ba ce. Wata dattijuwa na samu a wurin da bokitin ruwa da buroshi mai laushi tana cire gansakuka daga cikin haruffa, ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini ba a sa sinadarin wanki ko buroshin waya, domin suna cin fuskar dutse su tafi da rubutun. Ba ta da dangi ko ɗaya a cikin sunayen. A ganina doka ta zo ne ta tarar da mutanen da suka riga suka damu da abinsu, ta ƙara musu ƙarfi, domin ba a kare abin da ba a rubuta ba tun farko.

A nan ne tunanina ya koma gida. Sojojinmu sun yaƙi Jamusawa a Garwa da Mora cikin Kamaru tsakanin 1914 da 1916, sun je Gabashin Afirka, a yaƙi na biyu kuma runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun shiga dazuzzukan Boma. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da barikin Chindit a Zariya, duk daga wancan yaƙi suka samo suna, amma mutum nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofarsu kullum suka san haka? A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa. Wancan laifin Turawa ne, kuma sun ɗauka. Namu shi ne waɗanda suka dawo da rai muka bari labarinsu ya bi su kabari. Wan kakana, wanda muke kira Na Boma, yana da lambobin yabo guda biyu a cikin wani gwangwanin taba, yana fito da su ya goge da bakin riga idan yara suka matsa masa, yau ga shi babu wanda zai iya gaya mini inda gwangwanin ya shiga, balle lambarsa ta soja.

Na san wani zai ce addininmu bai yarda da mutum-mutumi ko gini a kan kabari ba, kuma ni ma ba su nake kira a yi ba. Littafi guda ya isa. Kafin ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya, ina roƙon duk wanda gidansu aka taɓa ɗaukar soja ko ɗan dako zuwa yaƙin Jamus ko na Boma, ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta sunan mutumin da na mahaifinsa, da unguwarsa, da inda aka ce ya je, da ko ya dawo. Idan akwai takardar sallama ko lamba, a ɗauki hotonta da waya. A kai kwafi ɗaya wurin mai unguwa ko dagaci, ɗaya kuma makarantar garin, domin malamin tarihi ya samu abin nuna wa ɗalibai. Ni ma na aika wa gwaggona saƙo ta duba tsohuwar adakar ɗakin kakarmu.

Wassalam, daga ɗan'uwanku mazaunin Ingila.