Ranar da na je kallon tseren kwale-kwale a Torino

Ni fa ban taɓa sanin akwai tseren da ba a tashi tare ba sai da na je Torino, wani birni a ƙasar Italiya. Ranar wata Lahadi ce cikin Nuwamba, na hau jirgin ƙasa daga Milan da sassafe, kamar awa ɗaya muka sauka tashar Porta Nuova, daga nan na taka da ƙafa zuwa lambun Valentino da ke bakin kogin Po, sanyi kuwa kamar zai cire min kunne, ga hazo ya kwanta kan ruwan.

Silverskiff suke ce ma gasar, kulob ɗin Cerea ke shiryawa tun 1992, shi kulob ɗin kuwa tun 1863 yake nan wajen. Mutum ɗaya ne a kowane jirgi, da filafili biyu, jirgin siriri ne sosai wallahi ban ga yadda mutum zai zauna ciki bai kife ba. Ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙu kaɗan, su haura ruwa har garin Moncalieri su zagayo su dawo, kilomita 11 ke nan, agogo ne alƙali, wanda ya riga isowa ba lallai shi ya ci ba. Ni da na saba da tseren Argungu inda ake tasowa gaba ɗaya ana kiɗa ana ihu, da farko abin ya min shiru da yawa.

Sai da na hau gadar Isabella na leƙo ƙasa na gane. Matuƙan baya suke juya wa inda za su, sai mutum ya riƙa waiwayawa kar ya daki ƙafar gada, kujerar kuma zamewa take gaba da baya, ashe ƙafa ce ke yin yawancin aikin. Akwai wani dattijo kansa fari fat, kan dawowa ya wuce ƙarƙashina ina jin numfashinsa, tururi na fita daga bakinsa, wani matashi ya zo ya wuce shi ko kallonsa bai yi ba, tuƙinsa kawai yake. Ban san dattijon ba, ban san daga wace ƙasa ya zo ba, amma na bi shi da gudu ta bakin ruwa ina ta tafi har hannuna ya yi zafi, sai da na ga ya ƙetare layi ya kifa kai kan gwiwa sannan na tafi neman shayi.