Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗan Rakiya

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a ranar da sakamakon jarrabawata ta Turanci, wato IELTS, ya fito, a watan Oktoban 2023. Na samu 8 a sauraro, 7.5 a karatu, 7 a rubutu, 7 a magana. Maigidana, Abban Ummi, ya yi murna ƙwarai, har da tsire ya shigo mana da shi daga Sango. Dalilin da ya sa na zauna jarrabawar tun farko shi ne in ƙara masa maki 20 a kan nasa, domin shi ne mai nema mana izinin zama a Kanada, ni kuma sunana yana ƙasan nasa tare da na yara.

Kwana biyu bayan haka ina aikin dare a asibiti. Wajen ƙarfe biyu ɗakin ya yi tsit, na gama raba magani, sai na nuna wa wata abokiyar aikina Bayarabiya sakamakon a waya. Ita ta daɗe a harkar nan ta ƙaura zuwa ƙasar waje da suke kira japa, ƙannenta biyu suna Kanada. Ta duba, ta ɗago ta kalle ni, ta tambaye ni shekaruna. Na ce 29. Ta ce na maigida fa? Na ce 38. Sai ta ajiye wayar a kan tebur ta ce, to me ya sa shi ne a gaba?

Wallahi tambayar ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Shi ya fara zancen tafiyar, shi ya biya ejan, shi ke da digiri na biyu daga Jami'ar Legas, shi ke da shekara goma sha ɗaya yana aikin akanta a wani kamfanin fiton kaya a Apapa. Ejan ɗin ma bai taɓa tambayar takarduna ba. Ranar da muka je ofishinsa ya nuna mini kujera a gefe, ya juya ga maigida, har muka fito bai sake duban inda nake ba.

A daren nan muka yi lissafin a bayan wata tsohuwar takardar jadawalin aiki. Bari in ɗan tsaya a nan, don na san cikin masu bibiyar labarin nan akwai ma'auratan da ke kan wannan hanya. Tsarin Express Entry na Kanada, wanda aka fara a 2015, maki yake bayarwa, kuma kusan duka makin daga jikin mutum ɗaya ake ɗebo shi, wato wanda aka sa a matsayin babban mai nema. Abokin aure iyakar abin da zai ƙara maki 40 ne, 10 daga ciki ma sai wanda ya taɓa aiki a Kanada. Shekaru kuwa ba su da tausayi. Mai aure da ke tsakanin 20 da 29 yana da maki 100. Daga 30 ake fara zaftare biyar-biyar duk shekara, in an wuce 40 a koma goma-goma, a 45 babu ko ɗaya. Abban Ummi yana da 55, ni ina da 100. Digirinsa na biyu da muke tinƙaho da shi 126 ne, nawa na farko 112, ratar 14 kacal.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne Turanci. Akwai matakin da suke kira CLB 9, wanda sai mutum ya ci 8 a sauraro da 7 a sauran ukun. Wanda ya taka shi ba makin harshe kaɗai yake samu ba, har makin da ake haɗawa da iliminsa da shekarun aikinsa sai ya ninka. Ni na taka shi a zama ɗaya. Shi kuwa sau uku yana zama, rubutu ya tsaya masa a 6, sauraro a 7. Ba don bai iya Turanci ba, mutumin da ke rubuta rahoton kamfani kullum. Kunne ne da saurin hannu, kuma ni aikina kenan tun safe har dare, in saurara in rubuta.

Da muka tara, nasa ya tashi 342 ko da an haɗa masa duk abin da zan iya ƙarawa. Nawa 427. A 2023 kuwa makin da Kanada ke yankewa in za ta ɗebi masu nema na kowace sana'a bai sauko ƙasa da 480 ba. Sannan ta ƙara mini da wani abu: tun tsakiyar 2023 Kanada ta fara ware zaɓe na musamman ga wasu sana'o'i, ciki har da ma'aikatan lafiya, kuma makin da ake yankewa a can ya fi sauƙi. Amma sana'ar babban mai nema kaɗai ake dubawa. Muddin ina ƙasan sunansa, aikin jinyata bai da wani amfani a fom ɗin.

Na ninke takardar na sa a cikin jakar da nake ajiye abin awon jini. Kwana tara tana nan.

Mutane za su ce mene ne abin ɓoyo a lissafi. Sai wanda ya san gidan da na shiga. Dangin Abban Ummi tsofaffin Agege ne, kakansa fataucin goro ya kawo shi daga Kano tun zamanin da jirgin ƙasa ne hanya, a Zango aka haifi mahaifinsa, a nan aka haife shi. Shi ne ɗan fari, shi ne na farko da ya yi boko mai zurfi, shi ake kira in an kai wani asibiti ko an kama wani a ofishin 'yan sanda. Tun da aka janye tallafin mai aka kuma saki Naira, albashinsa ya zama kamar ruwa a kwando, amma bai taɓa bari na gane a fuskarsa ba. Tafiyar nan ita ce abu ɗaya da ya riƙe a ransa cewa zai yi wa iyalinsa da hannunsa. Ni kuma in zo in ce masa hannun nasa bai kai ba?

A dare na tara aka ɗauke wuta, yara sun yi barci, muna zaune a falo da fitila mai caji. Yana ta duba wayarsa, yana neman ranar da zai sake zama jarrabawa karo na huɗu. Na ga kuɗin da za a sake zubawa, na tuna ko ya ci abin da yake nema, shekarun nan dai ba za su dawo ba. Na tashi na ɗauko takardar na ajiye a gabansa.

"Abban Ummi, don Allah ka duba mini wannan, ko na yi kuskure."

Ya jawo fitilar kusa. Akanta ne, bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki biro ya bi layi-layi, yana buɗe shafin hukumar shige da ficen Kanada a waya yana gwadawa. Ina kallon bakin biron yana tsayawa a kan kowace lamba. Da ya zo kan 55 da 100 ya daɗe a wurin. Ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, yadda yake yi in yana rufe littafin wata. Sannan ya rufe biron.

"Babu kuskure. Tun yaushe kika sani?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Kwana tara kina kallona ina neman ranar jarrabawa." Ya tashi ya shiga ɗaki. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin gaskiya ya faɗa. Na ɓoye ne don in kare masa mutunci, ashe ɓoyon ne ya taɓa shi fiye da lambobin.

Kwana uku muna gaisawa, yana cin abinci, yana fita da asuba don ya riga cunkoson Oshodi, amma zancen bai taso ba. A rana ta huɗu ya dawo da tambayoyi a rubuce. Ashe karatu yake yi a ofis.

Ta farko ita ce wadda na san tana cin ransa. Yana da aboki da ya bi matarsa Ingila a kan bizar aikin lafiya, zamansa gaba ɗaya a rataye yake da takardarta. In ta rasa aikin, ko auren ya samu matsala, shi ma ƙasa ta zame masa. Irin labaran da ake yi kenan a majalisa bayan sallar isha'i, wane matarsa ta kai shi Turai ta mayar da shi ɗan raino. Amma ya gano da kansa cewa wannan hanyar daban ce. Ranar da muka sauka, kowa zai samu takardar zaman dindindin ta kansa, ni da shi da yara, kuma tasa ba ta dogara da tawa ba. Zai yi aikin da ya ga dama a garin da ya ga dama.

Ta biyu ita ce ta rushe masa tsari. Shirinsa tun farko shi ne ya riga mu tafiya, ya sha sanyin shi kaɗai, ya samu aiki da ɗaki, sannan ya aiko mu taho. To doka ta ce 'yan rakiya ba sa riga babban mai nema shiga ƙasar. Ko su shiga tare, ko su biyo baya. In ni ce a gaba, ko dai mu tafi gaba ɗaya da yara biyu zuwa inda ba mu da kowa, ko ni in fara tafiya. Na biyun ko a mafarki ba za a yarda ba, ni kaina ban so. Ya ce, "Kin ga ke nan kuɗin da za mu tara ya ƙaru, don babu mai zama a baya yana karɓar albashi."

Ni ma na faɗa masa nawa tsoron. Takardar zama ba lasisin aiki ba ce. Kafin in taɓa majinyaci a can sai an tantance karatuna, sai na ci jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, sai hukumar ma'aikatan jinya ta lardin da muka sauka ta yi mini rajista, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Wataƙila shi ne zai ciyar da mu a shekarar farko kamar yadda ya saba. Sannan duk wata takarda da za a bincika tawa ce. In wasiƙar wurin aikina ba ta yi daidai ba, in aka ƙi mu, kuɗin filinsa na Kano da ya sayar a kaina zai ƙone. Ban taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba, kuma ban roƙa ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Maman Ummi, kawo takardunki." Ya ce nasa bayanan za su ci gaba da zama a tsarin, tun da doka ta yarda miji da mata kowa ya buɗe nasa ya sa ɗayan a ciki, wanda aka fara kira shi ke nan. Mu biyun mun san wanda za a kira. Amma na ji daɗin da ya bar nasa, ban kuma ce komai ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, shi zai faɗa wa Hajiya da bakinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je Zango. Hajiya tana kan tabarma a tsakar gida tana gyaran zogale, na durƙusa na gaishe ta, na koma gefe. Ya yi mata bayani a hankali, bai ambaci maki ba, ya ce dai an duba an ga takardun jinya sun fi saurin shiga. Hajiya ba ta yi boko ba, amma ta yi shekara arba'in tana saye da sayarwa a kasuwar Agege, ba a yi mata kwana-kwana. Ta ajiye tiren.

"Wato kai ne ɗan rakiya."

"A takarda ne kawai, Hajiya."

"Takardar ai ita ce tafiyar." Ta juyo gare ni. "Ke kuma 'yar nan, ke kika kawo shawarar?"

Bakina ya bushe. Kafin in buɗe shi ya ce, "Ni na yi lissafin, Hajiya, har sau biyu." Bai yi ƙarya ba, ya yi ɗin. Amma na san abin da ya tare mini a wannan lokacin, kuma har gobe ina riƙe da shi.

Hajiya ta daɗe tana kallona. Ba ta sa albarka ba, ba ta kuma hana ba. Ta ce a yi istihara, kuma kada maganar ta fita daga gidan nan, don bakin mutanen Zango ya fi reza. Da za mu tafi ta ƙulla mini zogalen a leda ta ce in yi wa yara kwaɗo. A mota na tambaye shi ma'anar hakan, ya ce shi ma bai sani ba.

Saura aiki. Ejan ya tura takardun Abban Ummi zuwa WES, masu tantance takardun karatun ƙasar waje, tun bara, nawa kuwa ya ce ba sai an wahala ba saboda maki 8 kacal za su ƙara masa. Yanzu ga shi ba zan iya buɗe komai ba sai an tantance digirina, kuma dole jami'ar ce za ta aika sakamakon kai tsaye, ba ni ba. Muna tsakiyar Nuwamba. A watan Maris zan cika 30, maki biyar su tafi. Na nemi hutun kwana biyar a asibiti, Abban Ummi ya ce zai riƙe yara shi da ƙanwarsa, ya saya mini tikitin motar dare zuwa Kano.

Abin da na tarar a can, da kiran da Hajiya ta yi mini ina tsakiyar hanya wajen Lokoja, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.