Obadiraf ɗin da na karɓa, da imel ɗin da ban taɓa buɗewa ba

Har yau idan na tuna safiyar Litinin ɗin nan ta watan Agustan 2024 sai na ji wani ɗaci a maƙogwarona. Ina tsaye a bakin shagona a kasuwar Singa, mota cike da sukari tana jiran a sauke, dila ya ce ba za a kwance tamfol ba sai ya ga alat. Wani kwastomana na Haɗejia ya turo mini naira miliyan 1.5 tun da asuba, na gani da idona. Na danna tiransifa, waya ta ce babu isasshen kuɗi. Na sake dannawa. Na ba yarona wayar, shi ma ya gwada har sau uku, muna ta ɗora wa netwok laifi. Ashe netwok lafiyarsa ƙalau. Kuɗin ne banki ya haɗiye, kuma bisa takardar da na sa wa hannu da kaina, yana da damar haɗiyewa.

A ƙarshen Janairun shekarar na karɓi obadiraf, wato bashin da banki ke ba ka damar ɗibar fiye da abin da ke asusunka, na miliyan 5 a kan asusuna na karant, na wata shida, kuɗin ruwa kashi 26 cikin ɗari a shekara. Azumi na tafe, kowa ya san yadda sukari da man girki da taliya suke tafiya a lokacin, jarina kuma ya yi kaɗan. Yayana ya hana ni. Ya ce, "Kai dai ka san hukuncin riba, ba sai na karanta maka ba." Na ce masa, "Yaya, wata shida ne kawai, na juya na fita." Wannan maganar tsakanina da Ubangijina take, na kuma yi tuba. Abin da nake son faɗa a nan shi ne wautar da na yi ta fuskar lissafi, don ko wanda bai damu da hukuncin ba bai kamata ya faɗa ramin da na faɗa ba.

Takardar yarjejeniyar shafi biyar ce. Na duba adadin kuɗin, na duba kashi 26 ɗin, na sa hannu a duk inda aka nuna mini da biro. A shafi na biyu akwai layi guda da ya ce kuɗin ruwan zai iya canzawa gwargwadon yanayin kasuwar kuɗi, kuma sanarwa ta imel ta wadatar. Imel ɗin kuwa wani yaro ne ya buɗe mini a shagon kwamfuta shekara takwas da suka wuce, ranar da zan cike fom ɗin buɗe asusun. Ko lambar sirrinsa ban riƙe ba.

Ban fi wata guda da karɓa ba Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, a ƙarshen Fabrairu. A Maris ya kai 24.75, a Mayu 26.25, a Yuli 26.75. Na ji labarin a rediyo ina shan shayi, na ɗauka maganar manya ce ta Abuja, ba ruwan mai sayar da sukari. Ashe duk sanda suka zauna, aljihuna ake taɓawa. Bankina ya mayar da ni kashi 30 daga Afrilu, sannan 33 daga Yuni. Sau biyu sun rubuto mini, duka a akwatin da ban taɓa leƙawa ba.

Yawanci ina riƙe da kusan miliyan 4 daga cikin biyar ɗin. A kashi 26, ruwan wata yana kamawa wajen naira 87,000. A kashi 30 ya zama 100,000, a 33 ya zama 110,000. Alat ɗin ƙarshen wata yana shigowa, ina ganin ya ɗan ƙaru, sai in ce ai wataƙila na ɗebi da yawa a watan. Ban taɓa zama da kalkuleta ba, ni da nake lissafa ribar katan ɗin madara har zuwa naira hamsin.

Babbar ɓarakar dai ba a nan take ba. A imel na uku take, wanda suka aiko a farkon Yuli suna tuna mini cewa wa'adi zai cika ranar 31 ga wata, in biya ko in nemi sabuntawa. Ni a tunanina obadiraf kamar rijiya yake, ka ɗiba ka zuba, ka ɗiba ka zuba, ba ranar da za a rufe bakinta. Wa'adi ya cika ana bina miliyan 3.2. Washegari, 1 ga Agusta, zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, gwamnatin Kano ta sa dokar hana fita, kowa hankalinsa ya koma kan tsare shago da sito. Wa ke ta banki? A cikin kwanakin nan aka janye mini damar ɗiba, abin da ya rage sai bashi tsurarsa. Duk abin da ya shigo asusun, bashin yake ragewa, ba ya fitowa. Haka miliyan 1.5 ɗin mutumin Haɗejia ta shige.

Na hau adaidaita sai banki, raina a ɓace. Ma'aikaciyar da ke kula da asusuna ta ce, "Alhaji, zauna tukuna." Na ce, "Hajiya, ba zama ya kawo ni ba, kuɗina nake nema." Ba ta yi musu da ni ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta nuna mini saƙonni uku da ranakunsu, sannan ta ɗauko kwafin takardar, ta ɗora yatsa a kan sa hannuna. Ta ce ƙa'idar Babban Banki ita ce a sanar da mai karɓar bashi kwana goma na aiki kafin a fara amfani da sabon kuɗin ruwa, kuma sun yi. Na ce, "To don me ba ki kira ni ba? Lambata tana wajenki, lokacin da kike so in karɓi bashin sau nawa kika kira ni a rana?" Sai ta sunkuyar da kai. Har gobe ina ganin a nan na fi su gaskiya, amma gaskiyar da ba ta cikin takarda ba ta mayar wa mutum ko sisi.

A zaman ne na ji sauran. Akwai tarar kashi 1 cikin ɗari a wata a kan abin da ba a biya ba bayan wa'adi, ƙari a kan kuɗin ruwan da ke ci gaba da hawa, nawa ya kama naira 32,000. Kuma cikin takardun da na sa wa hannu har da izinin nan na GSI, tsarin da ya fara aiki tun Agustan 2020, wanda idan abu ya yi tsami za a bi lambar BVN ɗinka a ɗebi kuɗi daga asusunka na wani bankin daban. Jin haka ya sa gumi ya karyo mini, don kuɗin makarantar yara suna wani asusun ajiya.

Na ce a buga mini bayanin shige da ficen asusun na wata bakwai. Daren nan ni da babban ɗana muka baje shi a tabarma, yana karantawa ina ja da jan biro. Kuɗin gudanarwa na kashi 1, naira 50,000, tun ranar farko aka cire shi daga cikin obadiraf ɗin, wato shi ma ruwa yake haifa. Naira 50 ta gwamnati a kan duk tiransifar da ta shigo daga 10,000 zuwa sama, ni kuwa a rana sai ashirin su shigo. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin banki. Waɗannan duk na san da su sama-sama. Wanda ya ba ni haushi shi ne kuɗin kula da asusun karant, naira 1 a kan kowace 1,000 da ta fita. Mu tsofaffin 'yan kasuwa mun tuna COT, cajin banki a kan kuɗin da ke fita daga asusu, da ake cire naira 5 a dubu, aka yi ta rage shi har aka soke a 2016, muka yi murna, sai ga wannan ya shigo ta bayan gida a shekarar. Wanda yake fitar da miliyan 30 a wata, 30,000 ke nan. Abin da ban sani ba shekara da shekaru shi ne naira 1 ɗin iyaka ce, ana iya ciniki a ƙasa da ita. Ni da ba na sayen tumatir ban taya ba.

Motar sukarin wani maƙwabcina ya ɗauke ta a ranar, ina kallo. Don in fita daga bashin sai da na karyar da katan-katan na man girki, sannan na je gidan Yaya bayan sallar isha'i na zauna ina ta kame-kame. Bai ce mini komai a kan maganar da ya faɗa a Janairu ba, ya tambayi nawa ya rage, ya tura. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. A tsakiyar Satumba na rufe obadiraf ɗin. Ƙarin ruwa da tara kaɗai sun haura naira 100,000, ban da asarar man da ribar sukarin.

Na rubuta takardar roƙo ga manaja, aka yafe mini rabin tarar, aka kuma rage mini kuɗin kula da asusun bayan na ce zan kwashe hada-hadata in koma wani wuri. Ashe suna jin wannan yaren. Duk wanda zai karɓi irin wannan abu, ya rubuta ranar cikar wa'adi a bangon shagonsa da babban rubutu, ya tambaya baki da baki ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai motsi, sannan ya tabbatar adireshin da za a riƙa aiko masa da sanarwa yana hannunsa, ba a hannun yaron shagon kwamfuta ba. Idan kuma jari ne ya gaza, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, inda ake sayo kaya a sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Su ma a karanta takardarsu har ƙarshe.

Yanzu imel ɗin yana wayar ɗana, duk Juma'a bayan an sauko masallaci yake karanta mini abin da ya shigo. A ƙarshen Afrilun 2025 ya ce, "Baba, sun ce daga 1 ga Mayu kuɗin alat na tes zai tashi daga naira 4 zuwa 6." Naira biyu ce kacal, amma sai da na sa ya maimaita mini saƙon tun daga farko.