Wasiƙa daga Jamus: kada a bar wa ƙura littafin waƙoƙi

'Yan'uwana a Damagaram, iyaye da ƙanne, gaisuwa mai yawa daga Leipzig. Ina gajiya, yaya zafi?

Hotunan sujadar Lahadi da kuke turo mini a WhatsApp suna faranta mini rai: jita, piyano, lasifika, matasa na ta rawa. Sai dai na lura mutum biyar ne ke waƙa a gaba, sauran jama'a tafi kawai suke yi. Ranar da kuran ya ɗauke kuma sai a tsaya ana kallon juna.

Irin wannan zaman 'yan kallo ne Martin Luther, malamin nan Bajamushe da ya jagoranci gyaran ikkilisiya, ya ƙi. A zamaninsa limamai da mawaƙa ne ke rerawa da Latin, talaka sai sauraro. A 1524 aka buga ɗan littafin waƙoƙin Luther da abokansa na farko da Jamusanci, waƙa 8 kacal, 4 nasa ne, don manomi da matarsa su buɗe baki su ma. Shahararriyar waƙarsa da ke kiran Allah kagara mai ƙarfi daga Zabura 46 ya ɗauko ta. Bach, shahararren mai tsara kiɗa da ya jagoranci mawaƙan majami'ar Tomas ta wannan gari daga 1723 zuwa 1750, a kan irin waɗannan waƙoƙi ya gina aikinsa da yawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Paul Gerhardt, wani Bajamushe marubucin waƙoƙin sujada. Ya ga yaƙin shekara 30 da ya cinye Jamus daga 1618 zuwa 1648, ya binne matarsa da 'ya'ya 4 cikin 5. Shi ya sa waƙarsa ba ta gaggawa. Baiti bayan baiti take tafiya da mai makoki, ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta kai shi ga dogara. Sababbin waƙoƙinmu kuwa galibi layi biyu ne ana ta maimaitawa, nasara da buɗi, buɗi da nasara. Daɗinsu ba a magana. Amma ku da kuka tsaya a bakin majami'un da aka ƙone a Janairun 2015, wace waƙa ce ta zo muku baki?

Ba na ce tsohuwar waƙa ce ke cika ɗakin sujada ba. A nan ga ogan, babban abin kiɗan majami'a mai bututu har rufi, ga benci babu kowa sai masu furfura. Kuma a ganina zumuntar mata, da tulunsu da caki da amshin da kowa ya iya, sun fi masu jita bin sawun Luther, ko da ba su san sunansa ba.

Roƙona ga fastoci da shugabannin mawaƙa: kowace Lahadi a kashe lasifika a rera waƙa ɗaya daga littafi, tun daga baitin farko har na ƙarshe, kada a tsallake na tsakiya. Matasa kuma ku zauna da tsofaffi ku ɗauki muryoyin a waya, don littafin da yawancinmu ke riƙe kalmomi kawai ke ciki.

Ku gaida mutanen gida.