Bindigar da ta tashi tana cikin kube

Tun ranar da na ga bidiyon nan na ofishin 'yan sandan Montville da ke jihar Connecticut a Amurka abin ya ƙi fita a raina. A watan Yulin 2023 ne, 'yan sanda sun riƙe wani mutum a harabar ofis, ɗayansu ya sunkuya zai kama ƙafafunsa, hannayensa duka biyu suna kan aiki, kawai sai ka ji tau, bindigar da ke ƙugunsa ta tashi tana cikin kubenta. Allah Ya kiyaye ba wanda harsashin ya samu. Na maimaita kallon ya fi sau goma ina neman yatsan da ya taɓa kunama, ban gani ba.

Da yamma na kai wa kawuna wayar, shi tsohon ɗan sanda ne, ya yi ritaya da daɗewa. Ya kalla ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, bindiga ba ta tashi sai an taɓa kunama, haka aka koya mana." Na ce, "Kawu, to wa ya taɓa a nan?" Ya sake kallo, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ba dole sai yatsa ba ai." Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna na bi labarin sosai.

Bindigar sunanta P320, ta kamfanin SIG Sauer, ta fito a 2014, kuma a Janairun 2017 sojojin Amurka suka zaɓe ta suka sa mata suna M17 da M18, daga nan 'yan sanda na jihohi da birane suka yi ta saye. A shekarar 2017 ɗin aka gano cewa in ta faɗi ƙasa ta wani ɓangare tana iya tashi, har 'yan sandan Dallas suka dakatar da ita, kamfanin kuma ya ce duk mai so ya kawo tasa a canza masa wasu kayan ciki kyauta. To amma maganar ba ta mutu a nan ba. A Afrilun 2023 jaridar Washington Post da kafar labarai ta The Trace suka fitar da bincike cewa mutum sama da 100 sun ce tasu ta tashi ba su ja kunama ba, aƙalla 80 sun ji rauni, kuma da yawansu jami'an tsaro ne, mutanen da kullum da bindiga suke kwana suke tashi. Birnin Milwaukee ya canza wa 'yan sandansa bindiga zuwa ta wani kamfani mai suna Glock bayan ƙungiyarsu ta kai ƙara. A jihar Jojiya kotu ta ba wani mutum da P320 ɗinsa ta harbe shi diyyar dala miliyan 2.35 a 2024. Shi kuwa kamfanin har yau yana kan bakansa cewa P320 ba ta tashi sai an ja kunama, ya kuma ci wasu shari'o'in. A kan na Montville cewa ya yi bindigar ba ta zauna daidai a cikin kuben ba.

Abin da na fahimta game da ƙirar shi ne ya fi damuna. Ita P320 da zarar an ɗana ta, allurar da ke dukan harsashi tana ja da baya a shirye, sifirin ɗinta a matse, ɗan abu kaɗan ke riƙe da ita. Wadda aka fi sayar wa 'yan sanda ba ta da makullin waje mai hana bindiga tashi, wanda ake turawa da babban yatsa, ba ta kuma da ɗan harshen nan da ke tsakiyar kunamar Glock, wanda sai an danna shi kafin kunama ta motsa. Ta sojoji ita tana da makullin babban yatsa. Kenan ko da mun yarda da maganar kamfani ɗari bisa ɗari, cewa sai an ja kunama, maganar Kawu tana nan: in ba yatsa ba, me ya ja ta? Bakin riga, maɓallin bel ɗin mota, makulli, igiyar jaket, duk suna iya shiga su ja ta.

A nan ne kube ya shigo. Da yawa daga cikin 'yan sandan Amurka yanzu suna maƙala tocila a ƙasan bakin bindiga, to dole a faɗaɗa bakin kuben don tocilar ta wuce, sai ya zama akwai 'yar kafa a gefen kunama. Mutum yana kokawa da wanda ake kamawa, yana shiga mota yana fita sau talatin a rana, yana sunkuyawa, wallahi ba abin mamaki ba ne wani abu ya faɗa wannan kafar. Kuma kada a ce matsalar kamfani ɗaya ce. A 2014 wani shugaban 'yan sanda a jihar Indiana ya harbi ƙafarsa da Glock lokacin da yake mayar da ita kube, igiyar jaket ɗinsa ce ta maƙale a kunama. Akwai ma wani kube mai suna SERPA da wuraren horo da dama suka hana, saboda da yatsan manuni ake danna maɓallin sakinsa, in mutum na cikin sauri yatsan sai ya zarce kan kunama. 'Yan sandan New York kuwa shekaru suka yi suna amfani da kunama mai tauri wadda sai an ja ta da ƙarfin nauyin fam 12, wato kusan kilo biyar da rabi, kimanin ninki biyu na yadda aka saba, don gudun irin wannan, amma sai saiti ya yi wa jami'ai wuya.

Ni a ganina kayan aikin da mutum zai ɗaura a ƙugu awa goma sha biyu, cikin gajiya da tsoro da gumi, bai kamata a ƙera shi a kan cewa mai shi ba zai taɓa kuskure ba. Kuma bindiga da kube da tocila ya kamata a gwada su tare kafin a raba wa jami'ai, ba kowa ya sayo nasa a haɗa ba.

Sai dai akwai wani gefen da ba zan ɓoye ba. A Yulin 2025 wani matashin sojan sama ya rasu a sansanin F.E. Warren da ke Wyoming, aka fara cewa M18 ce ta tashi da kanta, har rundunar da ke kula da sansanin ta dakatar da bindigar. Da bincike ya yi nisa sai aka kama wani abokin aikinsa, aka tuhume shi da kisa ba da niyya ba da kuma yin ƙarya ga masu bincike. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don mu a Najeriya mun san kalmar nan ta "harbin kuskure", mun sha jin ta bayan an kashe direba ko fasinja a shingen bincike, a ce bindiga ce ta tashi, shi kenan a rufe magana. A Wyoming an ɗauki bindigar an duba, an yi wa waɗanda ke wurin tambayoyi har labarin farko ya rushe.

Da na gaya wa Kawu wannan sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "A zamaninmu in an ce ta tashi, ban taɓa ganin an kwance bindigar an duba cikinta ba."