Laba 360

Alhamis, dare.

Sha ɗaya ta wuce, kowa ya kwanta, na yi wanka na sha shayi amma baccin ya ƙi zuwa. Wata lamba ce ta tsaya min a rai tun hantsi, 360, shi ne nace bari in rubuta ko ta sauka.

Da safe kam lafiya lau muka tashi, har da nishaɗi. Bayan asuba Maman yara ta dama kunun gyaɗa ta zuba mana a fulas, Auta ya kafe sai ya bi ni tunda ana hutu, nace to shiga. Muka biya muka ɗauki Kawu da doguwar tirelar nan tasa mai cin mota biyu da na daɗe ina roƙon ya ara min, muka wuce yadin gwanjo muka ɗora Camry ɗin mutumin Kaduna da Corolla ɗin da za ta Kwatano. Duk kun san ni ɗaya ɗaya nake kaiwa Hustan, mil wajen 240 daga Dalas a nan Amurka, a je a dawo a ƙona mai saboda mota guda, kuma ejen ɗin kwantena kuɗin kowace mota yake biya ba ruwansa da sau nawa ka yi sawu. To yau ce ranar da zan gwada biyu a tafiya ɗaya.

Kuma wallahi akori-kurata Ford F-150 ta ja. Ko nishi ba ta yi ba da muka hau babbar hanyar I-45, har ina ce wa Kawu kun gani ko, ƴar ƙaramar da kuke rainawa. Shi dai bai ce komai ba, carbinsa yake ja yana leƙen madubin gefe.

Mun ɗan wuce Kosikana wata babbar tirela ta zo ta gefenmu da gudu, iskarta ta bugi tamu. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kawai ji na yi bayan motar ya fara kaɗawa hagu dama hagu dama, sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba basa taɓa kwalta. Kawu yace kar ka taka birki, ɗaga ƙafarka daga totur, matsa na tirelar da hannu. Na matsa ɗan abin nan na birkin tirela da ke ƙasan dashbod, Allah Ya taimaka ta miƙe. Duka abin bai fi daƙiƙa biyar ko shida ba. Daga baya sai na ji muryar Auta yana cewa Baba me ya sa motar take rawa. Nace iska ce, ci biskit ɗinka.

Kawu yace mu tsaya a gidan man manyan motoci na gaba mu hau sikeli. Nace Kawu ai a takarda wannan motar tana jan sama da laba 11,000, mu kuma na lissafa, tirela 4,300, Camry 3,400, Corolla 2,900, ba mu wuce 10,600 ba. Yace ni dai hau sikelin.

Muka hau. Nan ƙasar da laba suke awo, laba biyu da ɗan ɗoriya shi ne kilo ɗaya. Takardar ta fito kashi uku, gatarin gaba, gatarin baya, sai na tirela. Kawu ya haɗa na gaba da na baya a wayarsa, 7,360. Sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna min farar takardar da ke manne a jikin ƙarfen, iyakar nauyin da aka yarje wa motar ita da duk abin da ke kanta 7,000. Kusa da ita akwai mai rawaya, ita kuma ta rubuta mutane da kaya gaba ɗaya kar su wuce 1,640. Shekara huɗu ina buɗe ƙofar nan kullum, ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Yace kai ɗan nan, lambar da suke talla da ita ta ja ce, amma kafin mota ta ja tirela sai ta fara ɗaukar wuyanta a gadon bayanta. Ƙa'ida kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela kan ƙugiyar nan yake sauka. Namu ya kai wajen 1,380. Ka sa ni, ka sa kanka, ka sa yaron nan, ka sa sarƙoƙi da jak da akwatin sifanu da ke bodi, an kai 2,000. Mun haura da 360. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, ga tirela doguwa ta fi motar nauyi kusan ninki biyu, ta yaya iska ba za ta yi wasa da ku ba.

Muka kwance Camry muka ja ta baya kaɗan, ba da yawa ba domin idan wuyan ya yi rashin nauyi nan ma kaɗawar ta fi muni, muka kwashe kayan aiki muka zuba a but ɗin Corolla, muka sake hawa. Da ƙyar muka shiga ƙasan 7,000, tazarar ba ta kai nauyin fulas ɗin kunu da kular ruwa ba. Daga nan gudun mil 55 a awa na riƙe har Hustan, kowa yana wuce mu.

Sauran hanyar duk musu muka yi, shi ne ma abin da ya hana ni bacci.

Kawu ra'ayinsa ɗaya ne, in sayar da wannan in sayi babbar akori-kura, ko Ram 2500 mai injin Cummins 6.7 irin tasa, ko F-250, ko Silverado 2500 mai Duramax. Yace firam ɗinsu ya fi kauri, sifirin ɗin baya ya fi ƙarfi, birki ya fi faɗi, tayoyin ma na ɗaukar kaya ne ba irin nawa masu laushi ba, abin da za ka iya ɗora musu a baya ya kusa ninka nawa ko ma ya wuce. Ga birkin salansa da masu gas suke da shi, injin da kansa yake riƙe mota a gangara ba sai ka dafa birki har ya yi wari ba. (Gas irin na gida nake nufi, dizal. Har yau Auta dariya yake min in nace gas, don su a nan fetur suke kira haka.) Sannan yace in ka sayi babba sai ka koma tirela mai wuyan raƙumi, wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bodi daidai saman gatarin baya, ita ba ta kaɗawa irin wannan duk da nauyin da take saukewa kan mota ya fi, kusan kashi 20 zuwa 25.

Duk gaskiya ya faɗa, ban musa ko ɗaya ba. Amma nace Kawu ku duba min nawa ɓangaren. Ku sana'arku kenan, kwana biyar a sati kuna kan titi. Ni sau biyu ne ko uku a wata, sauran kwanakin da motar nan nake zuwa aiki, da ita nake kai yara islamiyya, ranar da ta Maman yara ke gareji ita take ja ta je kasuwa. Babbar in babu kaya a kanta tsalle take kamar doki, na shiga taku na sani, wajen fakin kuma sai an yi ta dawafi. Mai dizal kuma ga ruwan DEF na rage gubar hayaƙi da za ka riƙa zubawa, ga juyen baƙin mai da ya fi tsada, ga matatar hayaƙin nan da ke toshewa idan gajerun tafiye-tafiye kawai kake cikin gari, kuma in ta lalace bakanike ba ya tausaya maka. Yace to sayi mai fetur mana, Ford suna da inji mai lita 7.3 tun 2020, kafin ita akwai 6.2, ba ruwanka da DEF, sai dai shan mai. Nan kam na yi shiru don ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Sai kuma maganar lasisi, wadda ya ja min kunne a kai sosai. Yace kar zumuɗi ya kai ka ga mai taya huɗu a baya. Doka ba abin da ka ɗauko take dubawa kawai ba, abin da aka rubuta a jikin mota da tirela ake haɗawa, in ya kai laba 26,001 kuma tirelar ta haura 10,000, sai da lasisin CDL na direbobin manyan motocin kasuwanci. F-350 mai 14,000 da tirela mai 14,000 ka ga 28,000 kenan, ka faɗa ciki. F-250 da aka rubuta wa 10,000 da tirelar guda, 24,000, kana ƙasa. Wannan na rubuta a bayan takardar sikelin.

Amma abin da ban iya faɗa masa kai tsaye ba sai da muka kusa Hantsbil shi ne kuɗin. Wannan F-150 ɗin da adashi na saye ta, lakadan, ba na bin kowa ba a bi na. Ko na sayar da ita ba za ta kawo babba mai lafiya ba sai na cika da yawa, kuma cikon in ba bashin banki ba ban ga inda zai fito ba, bashin banki kuma da ruwa. Na yi wa mahaifina alkawari a kan wannan tun kafin in baro gida kuma har ya rasu ban saɓa ba. Kawu ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai yace Allah Ya jiƙan Yaya, to ka koma ɗaya ɗaya har kwasarka ta zo, ba wanda ya ce dole sai biyu. Nace ai ɗaya ɗayan ne ba ya barin komai bayan mai da inshora. Yace to kar ka sake sa yaron nan a mota in za ka yi irin na yau. Bai ɗaga murya ba, ko kallona bai yi ba. Ni kuma ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi.

Na riƙa tuno motocin da muke gani a hanyar Zariya ranar kasuwa, buhuna har sama, mutane a kan buhunan, bayan mota yana sharar ƙasa, mu ce Allah Ya kiyaye mu wuce, har mu yi ta faɗan direbobi basu da imani. Ni yau ina da sikeli, ina da takarda a jikin ƙofa da lambar a rubuce ɓaro-ɓaro, kuma na ɗauko ɗana.

Hustan zafi kamar me. Mun sauke, ejen ya duba takardu ya sa hannu. Azahar da la'asar a masallacin da muka saba. Auta ya ci shinkafa da kaza, ya yi bacci tun kafin mu fita daga gari. Dawowa tirela ba kaya, motar shiru, mu ma shiru.

Maman yara ta tambaye ni ya hanya nace alhamdulillah. Auta ne ya ba ta labarin motar ta yi rawa, yana kwatantawa da hannu yana dariya. Ta kalle ni, ba ta ce komai a gabansa ba. Na san gobe akwai zama, kuma zan faɗa mata yadda abin yake har da lambar.

Na buɗe waya ɗazu ina duba F-250 masu fetur na hannu, na ga wata ta 2017 a Fot Wot ta ci mil da yawa, na ajiye hotonta, na sake gogewa, na sake nemowa. Kwasar adashina sai watan Nuwamba. Mutumin Kaduna kuma ya turo saƙo yana da wasu biyu sati mai zuwa, Highlander da Sienna, su kam sun fi na yau nauyi nesa ba kusa ba. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Tirelar Kawu tana nan a ƙofar gida. Bayan Juma'a zan mayar masa.