Littafin mai shago

Kowane shagon unguwa yana da wani littafi da ba a baje shi a kan kanta. Irin na 'yan firamare ne, bangonsa ya sha maiƙo, an soke biro a tsakiyarsa. A ciki za ka ga Magi na ɗari biyu, suga rabin kwano, sabulu ɗaya, katin waya. Wani ma ba a rubuta sunansa ba, sai dai "malamin makaranta" ko "mai gidan kwana". Sunana ya daɗe a irin wannan littafi, kuma ba don babu ba. Shi ya sa nake son mu yi magana, ƙannena, musamman ku da kuka fara ɗaukar albashi ko kuka yi sabon aure.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba cinsa ne abin kunya ba, raina shi ne. Manyan basussuka ban taɓa wasa da su ba, kuɗin haya da na makarantar yara hana ni barci suke yi. Amma na shago, sai in ce "rubuta min" ina tafiya, ko juyowa ba na yi. Ƙarshen wata ya zo, in ce na manta. Abin mamaki, ban taɓa manta naira hamsin da nake bin wani ba. Mantuwar tawa ta san inda take dosa.

Da abin ya taru ya yi kauri, sai na yi wanda ya fi muni: na sauya hanya. Kunyar haɗa ido da mai shagon ta sa duk ranar da na sami tsabar kuɗi, sai in tura yaro shagon bayan layi. Bashi a nan, ciniki a can. Wata ranar ya hango yarona ya wuce da leda cike da kaya. Bai ce komai ba sai bayan magariba, muna neman takalma a ƙofar masallaci, ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, ko mun yi laifi ne? Yaran ma sun daina leƙo mu." Bai ambaci kuɗi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ban lissafa ba sai daga baya. Mai shagon unguwa a Kano, Kasuwar Singa yake zuwa sari, kuma jarinsa bai taka kara ya karya ba. Ribar katan ɗin taliya ko na madara 'yar kaɗan ce, ba ta fitowa sai kuɗin ya juya sau da yawa. Duk abin da ya kwanta a littafi, gurbi ne a kan kanta. Ku tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannun mutane, aka kwana a layin banki, masu POS suka tsawwala. Masu shago ne suka riƙe gidaje da yawa da "ɗauki, ka kawo daga baya". Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, farashi ya kama hawa. Wanda ya ci bashin kwanon shinkafa a watan Fabrairu ya biya a Agusta, ya mayar da adadin kuɗin, amma kuɗin ba za su sake sayo wannan kwanon ba. Asarar tana kan mutumin da ya rufa masa asiri.

Kuma ba wai ba a gaya mana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma cewa ta yi a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da lokacin biyansa. Hadisi ya tabbata cewa jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci ne. An taɓa kawo gawa Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mu ma a nan, a wurin jana'iza kuna jin ana shela cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. To wane mai shago ne zai tashi cikin jama'a ya ce yana bin marigayi kuɗin sabulu? Shiru zai yi, haƙƙin kuma yana nan.

Don haka in ka ci, ka rubuta naka a wayarka nan take, a gabansa. Hakan yana kare ku duka biyun, don shi ma ɗan Adam ne, wani lokaci yaron shago ne ya rubuta ya ƙara ko ya rage. Ranar albashi ka fara da shi kafin ka sayi data. In babu duka, ka kai rabi ka faɗi ranar cikon, kuma ka ci gaba da kai cinikinka wurinsa. Mai bin bashi yana haƙuri da wanda yake gani kullum, wanda ya ɓace ne yake ƙona masa rai. Kada ka riƙa aika yaro da "wai in ji Baba a ba shi", kana koya masa raini ne, kana kuma sa mai shago cikin nauyin da ba zai iya cewa a'a ba. Batun "na tura, matsalar sabis ce" alhali ba ka tura ba kuwa, wannan ya tashi daga bashi ya koma wani abu dabam.

Mai shago ma yana da littafi. Ku fi jin tsoron waɗanda ba su da shi: mai ƙosai da ta ce "bar shi sai gobe, ɗana" don babu canji, mai wanki da guga, mai facin taya, mai shayi. Sai ɗan garuwa, da ya turo kura da jarkoki cikin rana ya juye maka ruwa, ka ce ya dawo da yamma. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka, wasu daga Nijar. Ruwan farko na sauka suke tattara kayansu su tafi gona, ba sallama, ba lambar waya, sau da yawa ko sunansu na gaskiya ba ka sani ba. In kun ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ku duba ko da sauran kuɗin jarka a kanku, ku biya tun yana gari.